Yadda na mayar da tsohuwar bindigar soja ta koma ta harbin kati a Ingila

Tun ranar da na tura wa 'yan gidanmu hoton bindigar nan ban huta da tambaya ba, wani ya ce a ina na samo ta, wani ya ce ashe Turawa suna barin baƙo ya riƙe bindiga, akwai ma wani ɗan uwa a Manchester da yake son ya yi irin abin da na yi shi ne ya sa na ce bari kawai in zauna in rubuta komai daga farko, don ni kam na yi ta karo da bango a hanya saboda ba wanda ya jera min matakan. Amma tun kafin in yi nisa bari in faɗa, duk abin da zan ba da labari a Ingila ya faru kuma da dokar Ingila. A gida Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai harsashin .303 cikin jerin haramtattun makamai, don haka kada wani ya karanta wannan ya je ya tono wata tsohuwar bindiga a ɗakin kakansa ya nufi wajen maƙeri, wallahi gidan yari zai kwana.

Asalin abin daga kakana ne, Allah ya jiƙansa. Yana cikin 'yan mazan jiya da aka kwasa zuwa yaƙin Bama, a runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma wadda ta yi faɗa a yankin Arakan a 1944 da 1945. Muna yara a Zariya in mun zo wucewa ta barikin Chindit sai ya ce wannan sunan ma daga can aka ɗauko shi, kamar yadda aka sa wa wasu barikoki a Legas Arakan da Myohaung da Dodan. Ba ya son ba da labarin yaƙin sosai, amma in aka zo maganar bindigarsa sai bakinsa ya buɗe, ya riƙa nuna mana da sandarsa yadda ake ɗaga sakata a ja baya a tura gaba a kwantar, harsashi goma a ciki, ya ce mutum ya fi kula da ita a kan cikinsa don in ta yi tsatsa a damunar Bama saje ba zai raga maka ba. Lee-Enfield kenan, ban san sunanta ba sai da na girma.

Na fara ne da kulob ɗin harbi, a watan Satumba na 2022, kuma nan ne dole duk mai son harbin kati, wato harbin takarda mai ɗigo don gwada saiti, ya fara. A Ingila ba a ba ka lasisin bindiga mai dogon zango sai kana da dalili mai ƙarfi, kuma kare kai ba dalili ba ne a wajensu, in ka rubuta haka ma ka kashe takardarka da hannunka. Dalilin da aka sani shi ne farauta a filin da aka ba ka izini, ko harbin kati a kulob ɗin da ma'aikatar cikin gida ta amince da shi. Namu kulob ɗin wani dogon ɗaki ne a bayan filin ƙwallo, yadi 25 ne tsawon wajen harbin, kuma ƙaramin harsashi .22 kawai aka yarda a harba a ciki, ku riƙe wannan maganar don ita ce ta zo ta kayar da ni daga baya. Ranar farko suka ba ni fom na cike, na sa hannu cewa ba a taɓa ɗaure ni ɗaurin da ke hana mutum taɓa bindiga ba, su kuma suka tura sunana wajen 'yan sanda. Doka ta ce sabon shiga ya yi aƙalla wata uku yana gwaji a ƙarƙashin idon wani, namu kulob ɗin wata shida suke yi. Duk zuwa sai ka sa hannu a rajista, bindigar kulob za ka ara, harsashin da ka saya a nan za ka ƙarar da shi ko ka bar shi a nan, ko ƙwaya ɗaya ba ta bin ka gida. Na biya fam 120 kuɗin shekara. Gaskiya na shiga da fargaba, ni kaɗai ne baƙar fata, ga gemu ga suna, na ce yau za a sha kallo. An ɗan kalle ni makon farko kam, amma tsofaffin nan abin da ya dame su kawai kada ka juya bakin bindiga inda bai dace ba, da kuma waye zai wanke kofunan shayi.

A watan Maris na 2023 suka tabbatar da ni cikakken mamba, na zaci shi kenan sai in cike fom in tura, ashe likita ne gaba. Tun bayan harbin da aka yi a Plymouth a 2021 aka tsaurara, ba a duba takardarka sai da bayanin likita cewa ba ka da wata larura ta ƙwaƙwalwa ko shaye-shaye ko makamancin haka. Na kai fom ɗin asibitin unguwarmu, matar da ke kanta ta karɓa ta ce za a kira ni, sati uku shiru, na koma aka ce ba a ga takardar ba, na sake bugo wata na kai, sai a lokacin aka gaya min wai ai ba aikin gwamnati ba ne wannan, kuɗi ake biya, fam 70. Da sun faɗa min tun ranar farko da ban yi asarar sati uku ba. Bayan na biya kwana goma ta fito. Sannan ka sani za su sa alama a fayil ɗinka na asibiti cewa kana da bindiga, in wata rana ka je da matsalar damuwa likita zai iya sanar da 'yan sanda. Sai kuma masu tsaya maka mutum biyu, waɗanda suka san ka aƙalla shekara biyu, ba 'yan uwanka ba. Na sa shugabana na wajen aiki da wani maƙwabcinmu ɗan Pakistan da muke sallah tare, kuma ka gaya musu tun wuri za a kira su, don maƙwabcin nawa da ya ga baƙuwar lamba ta 'yan sanda ƙin ɗauka ya yi har sau biyu. A watan Mayu na tura komai ta intanet da hoto, na biya fam 88. A Fabrairun 2025 kuɗin ya tashi ya koma fam 198.

Kafin jami'i ya zo duba gida sai ka tanadi kabad ɗin ƙarfe na ajiye bindiga, wanda ya cika ƙa'idar BS 7558, kuma ba ajiye shi kawai za ka yi ba, ɗaure shi ake yi da manyan kusoshi a jikin bangon bulo, a inda baƙo ba zai gani ba. Ni ga ni a gidan haya, sai da na rubuta wa mai gida na nemi izinin huda bango, ya yi ta jan ƙafa har sai da na yi alƙawari a rubuce zan toshe ramukan in zan tashi. Kabad fam 160, da ɗan akwati mai makulli daban a sama na harsashi. Daga nan sai jira, Yuni, Yuli, Agusta, ba kira ba imel, na buga waya sau ɗaya aka ce fayil ɗina yana layi. Sai a Oktoba jami'in ya zo, wani tsohon ɗan sanda ne da ya yi ritaya ya dawo wannan aikin. Ya kama kabad ɗin ya jijjiga da ƙarfinsa, ya duba ƙofofi da tagogi, sannan ya zauna a falo ya sha shayi muka yi kusan awa ɗaya da rabi, me ya sa nake son bindiga, shekara nawa na yi a ƙasar, ina shan giya, akwai rigima a gidan, yara nawa. Ya ce yana son ya ga uwargida ita kaɗai na ɗan lokaci, na fita tsakar gida. Daga baya take ce min, Baban Khalil, tambayata ya yi ko hankalina ya kwanta da a kawo bindiga gidan, kuma ko na san inda kake ɓoye makulli. Amsar da ake so a ta biyun ita ce a'a, duk wanda ba shi da lasisi bai kamata ya iya kaiwa ga makullin ba ko da matarka ce, Allah ya taimake ni ban taɓa nuna mata ba. A Nuwamba takardar ta iso ta gidan waya, FAC suke ce mata, tana aiki shekara biyar, an rubuta min gurbin bindiga ɗaya .22 da adadin harsashin da zan iya ajiyewa. Na cike gurbin da wata tsohuwar BSA Martini da na saya a hannun wani ɗan kulob, ita nake ta koyo da ita.

To a Fabrairun 2024 ne maganar ta taso. Akwai wani dattijo a kulob, ya haura saba'in da biyar, wata rana muna shan shayi na ba shi labarin kakana, sai ya yi shiru ya ce yana da Lee-Enfield No.4 a gida wadda ya daina harbawa don cikin bututunta ya cinye. Mako na gaba na je gidansa ya fito da ita. Wallahi da na ɗauke ta sai da jikina ya yi sanyi, nauyinta ya ɗan haura kilo huɗu, katakon ya yi baƙi don shan mai da hannu, a gefe an buga 1943 da alamar masana'antar Fazakerley ta kusa da Liverpool. Na ja sakatar nan ta tafi sumul kamar an shafa man shanu, sai ga kakana da sandarsa a idona. Amma da ya haska fitila a bututun sai ka ga duhu da ramuka, layukan da ke juya harsashi duk sun shafe daga wajen gindi, ya ce tsohon harsashin soja ne ya yi mata haka, yana barin wani gishiri mai jawo tsatsa in ba a wanke da ruwan zafi ba. Ya ce a yadi 100 ma harsashi a karkace yake shiga kati. Shi ne ya kawo shawarar a mayar da ita .22, ya ce ba sabon abu ba ne, sojan Birtaniya da kansu sun daɗe suna yi don koyar da kurata da arha, akwai No.7 da No.8 da No.9, ita No.9 ɗin ma No.4 ce kamfanin Parker-Hale na Birmingham ya zura wa siririn bututu a ciki don sojan ruwa. Ya ce in ba shi fam 120.

Nan na tafka kuskuren da ya ci min wata uku. A tunanina tunda bindigar .303 ce a yanzu, sai in nemi a ƙara min gurbin .303 a lasisi, in saye ta ta zama tawa, sannan in kai ta wajen maƙeri. Na cike fom ɗin ƙarin gurbi a Maris ana cikin azumi, na biya fam 20, a Fabrairun 2025 shi ma ya koma 47, na zauna ina jira har aka yi sallah ƙarama aka gama. A Mayu jami'in nan ya kira ni, ya ce malam a ina za ka harba .303, na ce ai ba harbawa zan yi ba canza ta zan yi, ya ce to in ba harbawa za ka yi ba ba ka da dalilin mallakarta kenan, kuma kulob ɗinku .22 kaɗai aka amince masa. Na ji kamar in nutse, na ɗauka ma zai ce an soke komai. Sai ya yi dariya ya ce abin ya fi haka sauƙi, bindigar kada ta taɓa hawa takardarka tana .303, mai ita ya miƙa ta kai tsaye ga maƙerin da ke da rajistar dillancin makamai, RFD suke cewa, ta shiga littafinsa, ya yi aikinsa, in ta zama .22 sai ya rubuta ta a takardarka. Abin da kake buƙata gurbi na biyu ne na .22. Ya bar ni na gyara buƙatar ba tare da sake biya ba, amma sai da na rubuta dalilin son .22 ta biyu alhali ina da ɗaya, na ce ta farko ta gasar kati ce ta yau da kullum, wannan kuma ta gasar tsofaffin bindigogin soja ce, sakataren kulob ya rubuta wasiƙa ya goyi bayana. A Yuni takardar ta dawo da sabon gurbi.

Neman maƙerin ma aiki ne. Shagunan bindiga biyu na kusa da mu duka suka ce ba sa irin wannan, ɗaya ma cewa ya yi in sayi sabuwar bindiga ta kamfanin CZ in huta. Ta hannun dattijon aka samu wani a ƙauye, tafiyar awa biyu. Kuma ku lura, ni ba ni da ikon ɗaukar bindigar in kai, don har lokacin ba tawa ba ce a doka, dole dattijon ne zai kai da kansa, sai muka tafi tare a motarsa, bindiga a cikin jaka a but an rufe ta da bargo, sakatar kuma a aljihun rigarsa daban. Maƙerin wani mutum ne mara yawan magana, shagonsa warin mai da ƙarfe kamar garejin Panteka. Ya duba ta ya fi minti ashirin bai ce uffan ba, sannan ya tambaye ni ko na san in aka yi ba a dawowa. Ya ce da bututun yana da rai, ko da lambobin jikinta duka sun dace da juna, shi ba zai taɓa ta ba ko nawa zan biya, don ɓata tarihi ne, amma wannan lambar sakatarta daban da ta jikinta, an taɓa yi mata garambawul bayan yaƙi, ga bututu ya mutu, don haka ba a yi asarar komai ba. Ya ba ni zaɓi biyu, ko a cire bututun a sa sabo na .22, ko a rarake tsohon a zura masa siririn bututu a ciki yadda daga waje ba za ka gane an taɓa ta ba. Na zaɓi na biyu don kamanninta nake so. Ya kuma yi min bayanin abin da ban taɓa tunani ba, cewa bututun ma shi ne mai sauƙi, wahalar tana kan sakata. Harsashin .303 a tsakiyar gindinsa allura ke bugawa, shi kuwa .22 a gefen baki ake bugunsa, don haka kan sakatar dole a canza shi da wanda allurarsa ke gefe, da ɗan ƙugiyar da za ta iya kamo ƙaramin kwanso ta fito da shi. Gidan harsashin kuma ba zai ƙara aiki ba, za a cire masa kayan ciki ya zama fanko, ɗaya-ɗaya za ka riƙa sa harsashi da hannu, in ka ja sakata kwanson ya faɗa cikin fankon. Ya ce fam 480 aikinsa, ban da kan sakata da kuɗin gwaji, wata uku zuwa huɗu. Ya rubuta ta a littafinsa, dattijon ya sanar da 'yan sanda cewa ta bar hannunsa, na ba da rabin kuɗi muka juyo.

Wata huɗun nan sai da ya zama takwas. Bututun an gama shi tun Satumba, kan sakatar ne ya gagara, don ba a ƙera su yanzu sai dai a samu tsoho. Duk ƙarshen wata in kira ya ce bai samu ba tukuna, har uwargida ta fara tsokanata wai an sayar min da gaibu. Sau ɗaya aka samu wani, da ya iso sai ya zama na SMLE ne, wato Lee-Enfield ɗin da ta riga No.4 fitowa, ba na No.4 ba, ba sa shiga wa juna, aka mayar. A Disamba ya samo a hannun wani mai tara kayan tsofaffin bindigogi, fam 140 ɗan ƙarfen da bai kai babban yatsa ba, na biya ina ƙunƙuni. Bayan ya haɗa sai saura gwaji, wannan ma ban san da shi ba sai da aka zo. A Birtaniya duk bindigar da aka taɓa bututunta irin haka tsohon tambarin gwajinta ya faɗi, kuma laifi ne a sayar da ita ko a miƙa wa wani sai an sake gwadawa. Gidajen gwajin biyu ne, ɗaya a Landan ɗaya a Birmingham, na Birmingham ɗin tun 1813 yake aiki. Suna duba ta, su harba harsashin da ya fi na kullum ƙarfi, in ta jure ba ta tsage ko ta kumbura ba su buga mata tambari da sabon girman harsashinta. Maƙerin ne ya aika ya kuma karɓo, ni dai fam 75 na biya har da kuɗin kaiwa, ta yi sati uku saboda hutun Kirsimeti ya shiga tsakani.

Ranar wata Asabar a Fabrairun 2025 na je ɗauko ta, ni kaɗai wannan karon. Ka tafi da ainihin takardar lasisinka, ba hoto a waya ba, don a jikinta zai rubuta da biro, irin bindiga, girman harsashi, lamba, kwanan wata, ya sa hannu. Ka tsaya ka karanta abin da ya rubuta kafin ka bar shagon, ni sai da na ga ya juya lambobi biyu na ƙarshe, ya gyara ya sa hannu a gefe. Daga nan kana da kwana bakwai ka sanar da 'yan sanda ka karɓa, shi ma zai sanar ta nasa ɓangaren amma nasa bai ɗauke maka naka ba, ni a mota kafin in tayar na tura. Duk hanya ina tuƙi ina leƙen madubi kamar wanda ya ɗauko amarya, ko fitsari ban tsaya yi ba.

Na zaci an gama, ashe saura abin saiti. Na sojan da ke kanta an zana shi ne daga yadi 200 zuwa 1300 don harsashin .303, kuma sama da ƙasa kawai yake motsi, ba ya zuwa hagu ko dama. Daren farko a kulob harsashina can gefen kati yake sauka, tsofaffin nan suna ta dariya. Dattijon ya ce in nemi Parker-Hale 5C, shi aka yi wa No.4, yana ɗauruwa a gefe ba sai an huda komai ba. Na samu na hannu fam 150, na yi dare biyu ina murɗa shi kaɗan-kaɗan har ta dawo tsakiya. Sai gwajin harsashi, don .22 kowace bindiga da abin da take so, na gwada kala huɗu, tawa ta fi shiri da Eley Club, mai tsadar ma bai ƙara mata komai ba. Katin da muke harbi ɗigo goma ne, harbi ɗaya a kowanne, kana kwance rub da ciki da majanyin bindiga a hannu, maki ɗari ne duka. Katina na farko da ita 71 na ci. Yanzu ina yawo tsakanin 83 da 86, alhali da Martini ina kai 92. Kunamarta tana da nauyi irin na soja, mataki biyu, kuma tsakanin ka ja da ta tashi akwai ɗan jinkirin da in hannunka ya motsa ka tafi. Masu bindigar gasa ta Anschütz na kusa da ni ba sa ma kallona a matsayin abokin gasa. Amma fa ba ta dukan kafaɗa ko kaɗan, ƙararta kamar an fasa leda, kuma kuɗin da zan harba .303 biyar ko shida ya ishe ni kwalin .22 mai hamsin.

In na haɗa lissafi daga kuɗin bindigar zuwa abin saiti, har da fam 20 na ƙarin gurbi, fam 985 ne, in aka sa man mota ya haura dubu, ban sa kulob da likita da kabad ba. A cikin watannin da nake jira na ga No.8 ta asali, wadda tun daga masana'anta .22 ce, ana sayarwa ƙasa da haka, kuma na harba ta wani a kulob ta fi tawa daidai nesa ba kusa ba. Don haka ɗan uwa na Manchester, in maki kake nema ko sauƙin aljihu, nemi No.8 ko ka sayi bindigar gasa ta hannu ka huta, wannan hanyar sai wanda yake da wata bindiga takamaimai da zuciyarsa ta kama. In kuma ka nace, to tun ranar da za ka nemi lasisin farko ka roƙi gurbin .22 guda biyu in kana da dalilin da za ka kare, ya fi ka dawo neman ƙari. Kafin ka cike kowane fom ka kira sashen lasisin makamai na yankinku ka faɗa musu abin da kake shirin yi da bakinka, kiran minti biyar da ya cece ni wata uku. Kada ka biya kuɗin bindiga sai maƙeri ya gan ta ya yarda zai yi, kuma ka tambaye shi ƙarara ko kan sakatar yana hannunsa, in babu ku fara nemansa kafin a taɓa bututu. Ka ce ya rubuta maka farashi har da gwaji da kaiwa da kawowa. Takardar likita kuwa ka fara da ita tun kana watan ƙarshe na gwaji a kulob, ka tambayi kuɗinta a ranar da ka kai. Sannan ka riƙa zuwa kulob kana sa hannu a rajista, don in ka shekara ba ka harba ba su da kansu za su sanar da 'yan sanda, ranar sabunta lasisi kuma rajistar nan za a buɗe.

Dattijon da ya sayar min ita na ba shi ya fara harbawa ranar da saitin ya zauna, ya ci 88 da idonsa na ɗan saba'in da biyar, ya miƙo min ya ce ba laifin bindigar ba ne kenan. Na ɗauki ɗan bidiyo ina jan sakatar na tura wa Baffa a Zariya, shi ne babban ɗan kakan namu da ya rage. Ya turo saƙon murya ya ce, kai ɗan nan, haka Baba yake yi da sanda, amma shi ya fi ka sauri, kuma me ya sa taka ba ta ƙara. Na ce Baffa ai an rage mata harsashi ne, ya ce to Allah ya kyauta, in ka zo da sallah ka yi min bayani.